Daga Lambar Dalma Zuwa Haƙorin Makka: Nazari a Kan Shaidar Ziyara da Tsarabar Alhazai

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Maiduguri, ko a wani gari na ƙasar Hausa, ya san yadda gida yake kasancewa ranar da alhaji ya sauka. Kafin a gama yi masa barka da dawowa yara sun kewaye jaka, manya kuma suna zaune suna jiran a miƙo musu ɗan kofin Zamzam da dabino biyu ko uku. Ba don yunwa ko ƙishirwa ake wannan jira ba. Abin da ake so shi ne a taɓa wani abu da ya fito daga can. Wannan ɗabi'a ba ta tsaya ga Musulmi ko ga mutanen Afirka ba, domin kusan duk al'ummar da take da wurin ziyara na addini tana da irin tsarabarta.

Wannan maƙala za ta dubi wata al'ada ta Kiristocin Turai ta zamanin da, wato ƙananan lambobin ƙarfe da masu ziyara suke sayowa su maƙala a hula ko a riga, sannan ta auna ta da abin da alhazan Borno da na ƙasar Hausa suke dawowa da shi. Abin da mutum ya ɗauko daga wuri mai tsarki ayyuka biyu yake yi masa: yana zama shaida cewa ya je, yana kuma zama abin tabarraki. Turawa sun haɗa ayyukan nan biyu a jikin ɗan ƙarfe guda. Mu kuwa mun raba su. Tabarrakin mun zuba shi a abin da ake ci ko a sha ya ƙare, shaidar kuma mun ɗora ta a kan suna da jikin mutum. Shi ya sa mai binciken tarihin nasu yake tonon bakin kogi, mai binciken namu kuwa dole ya koma ga harshe. Nan ne maganar ta shafi ɗalibin Hausa.

Lambobin Masu Ziyara a Turai

Al'adar ta yi ƙarfi ne daga ƙarni na 12 zuwa farkon ƙarni na 16 na Miladiyya. A wancan lokaci Kiristoci kan yi tafiya mai nisa, yawanci a ƙasa, don ziyarar Ƙudus ko birnin Roma ko kaburburan waɗanda suka ɗauka waliyyai. Kowane wuri yana da tasa alama. Wanda ya je Ƙudus yakan dawo da ganyen dabino. Wanda ya je Roma yakan dawo da lamba mai siffar mabuɗai, alamar Bitrus. Wanda kuwa ya je Santiyago da ke arewa maso yammacin Sifen, alamarsa ɓawon wata halittar teku ce mai kama da makankarin da muke samu a bakin kogi, sai dai nasu yana da zane-zane kamar buɗaɗɗen mafici. An sha tono kaburbura a sassan Turai a tarar da irin wannan ɓawo a jikin mamaci, an huda shi don ratayawa. Ke nan har kabari mutum yake so a san ya je.

Yawancin lambobin da gamin dalma da kuza ake yin su. Maƙeri yakan sassaƙa siffar da yake so a jikin dutse mai laushi, ya narka ƙarfen ya zuba, cikin ɗan lokaci ya ɓamɓare ya sake zuba wani. Saboda haka kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, talaka ma yana iya saye. Masu hali kuma su sayi na azurfa ko na zinariya.

Misalin da ya fi shahara shi ne na garin Kantabari a Ingila. Ranar 29 ga Disamba, 1170, wasu barade huɗu na Sarki Henry na II suka kashe babban limamin cocin garin, Thomas Becket, a cikin majami'arsa. A 1173 Fafaroma ya sanya shi cikin waliyyai, jama'a kuma suka yi ta tururuwa zuwa kabarinsa. Abin da aka fara sayar wa masu ziyara shi ne wasu 'yan mitsi-mitsin kwalabe na ƙarfe da ake ratayawa a wuya, a ciki akwai ruwan da aka ce an gauraya da ɗigon jininsa. Daga baya aka koma yin lambobi masu siffar kansa sanye da hular limanci. Mai ziyara yakan goga lambar a jikin kabarin kafin ya kama hanya. Idan ya isa gida wani ya ɗinke ta a cikin littafin addu'a, wani ya kafa ta a bango, wani kuma ya tsoma ta a ruwa a ba marar lafiya ya sha. Mai karatu Bahaushe ba zai rasa abin da zai tuna ba a nan.

Inda jama'a suka taru kuwa, ciniki ba ya nisa. A shekarar 1199 Fafaroma Innocent na III ya keɓe wa malaman majami'ar Bitrus ta Roma izinin yin lambobi masu hoton Bitrus da Bulus, don kada kuɗin ya tafi aljihun wasu. A wurin ziyara na Einsiedeln da ke ƙasar Suwizalan an ruwaito cewa a 1466 an sayar da lambobi kimanin 130,000 cikin mako biyu kacal. A birnin Aachen na Jamus, inda ake fito da wasu tufafi masu tsarki a wurinsu duk bayan shekara bakwai, cunkoso kan hana mutane matsowa kusa. Sai aka ƙirƙiro lamba mai ɗan madubi a tsakiya. Mutum ya ɗaga ta sama daga nesa, a ganinsa madubin ya kamo albarkar abin da aka nuna, sai ya rufe ya kai gida. Abin sha'awa, Johannes Gutenberg, wanda ya ƙago na'urar ɗab'i a Turai, ya shiga haɗin gwiwar ƙera irin waɗannan madubai a birnin Strasbourg a wajen 1438, kuma an san haka ne daga takardun wata shari'a ta 1439. Wato mutumin da littattafanmu suke bin sawunsa ya taɓa neman abinci da kayan tsaraba.

Al'adar ta dusashe bayan ɓarkewar rikicin gyaran coci a ƙarni na 16. A Ingila Sarki Henry na VIII ya sa aka rushe hubbaren Becket a 1538. Lambobin da suka rage an tsinto dubbansu daga laka a kogin Temis na Landan da kogin Sen na Faris, tun daga tsakiyar ƙarni na 19. Wasu masana na ganin da gangan aka riƙa jefa su a ruwa don godiyar dawowa lafiya. Wasu kuma suka ce shara ce kawai aka zubar, laka ta adana ta domin iska ba ta shiga. Ra'ayi na biyu ya fi kama hankali, ko da yake na farko ya fi daɗin ji.

Sai dai lamba tana da rauni ɗaya a matsayin shaida: ana iya sayenta ba tare da an je ba. Don haka a garuruwan Filandas, cikin ƙasar Beljiyam ta yau, inda kotu kan yanke wa mai laifi hukuncin tafiya ziyara, ba lamba alƙali yake nema ba idan mutum ya dawo. Takarda yake nema mai hatimin malaman wurin.

Takardar Shaidar Hajji

Musulmi ba su ƙera lambobi masu siffar mutane ba, saboda matsayin addini game da surori. Amma takarda kam sun rubuta, kuma tun da wuri. A babban masallacin Banu Umayya da ke Dimashƙa an adana tarin tsofaffin takardu, waɗanda bayan gobarar 1893 aka kwashe su zuwa Istambul. A cikinsu akwai takardun shaidar hajji da umara da aka rubuta tsakanin 1084 da 1310. Dogaye ne, naɗe su ake yi kamar tabarma. Da yawansu shaida ce ta aikin da wani ya yi a madadin wani, ga sunan wanda aka yi wa, ga na wanda ya yi, ga sa hannun shaidu. Dalili a fili yake: wanda ya je da ƙafarsa yana da abokan tafiya da za su faɗa, wanda ya biya aka yi masa kuwa yana buƙatar abin da zai riƙe a hannu. Wasu daga cikinsu an ƙawata su da zanen Ka'aba da Safa da Marwa da Arfa da masallacin Madina. Wurare ake zanawa, ba fuskoki ba.

A babban ɗakin karatu na Birtaniya da ke Landan akwai irin wannan takarda ta wata mata mai suna Maimuna, mai ɗauke da shekarar 836 ta Hijira, wato 1433. Bayan zanen Ka'aba, har da siffar takalmin Annabi (SAW) a jikinta. Wannan shi ne abu mafi kusa da lambar Turawa a wajen Musulmi, kuma zamaninsu ɗaya.

Ta ɓangaren tabarraki kuwa, ruwan Zamzam shi ne kan gaba. An ruwaito cewa Nana A'isha (RA) takan ɗauki Zamzam ta tafi da shi, ta kuma danganta yin haka ga Annabi (SAW), saboda haka malamai ba su ga laifin ɗaukarsa ba. Wannan ya saɓa da ɗebo ƙasa ko duwatsun Harami, wanda malamai da yawa suka hana ko suka karhanta. Sai kuma ƙyallen rigar Ka'aba, wadda ake sauyawa duk shekara. An daɗe ana yanyanka tsohuwar a raba ko a sayar, kuma ɗaruruwan shekaru a Masar ake saƙa ta, kafin aikin ya koma Makka gaba ɗaya a farkon shekarun 1960. Akwai kuma masu wanke likkafaninsu da Zamzam su shanya, su naɗe su dawo da shi gida su ajiye.

Borno da Hanyar Gabas

Da wuya a sami wata daula a Afirka ta Yamma da sarakunanta suka riƙe aikin hajji kamar Kanem-Borno. Littafin jerin sarakunan Saifawa da ake kira Diwan, wanda Heinrich Barth ya samu kwafinsa a Kukawa a farkon shekarun 1850, ya nuna cewa Mai Dunama ɗan Hume, wanda ya yi mulki a farkon ƙarni na 12, ya yi hajji sau biyu, a tafiya ta uku ya nutse a Bahar Maliya. Wannan kusan shekara 200 ke nan kafin shahararriyar tafiyar Mansa Musa na Mali a 1324. Masanin tarihin Masar, Al-Maƙrizi, wanda ya rasu a 1442, ya kawo labarin makarantar Ibn Rashiƙ a tsohon birnin Alƙahira. Mutanen Kanem da suka biyo hanyar hajji a shekarun 640 na Hijira, wato wajen 1242 zuwa 1252, su suka ba da kuɗin gina ta, ta zama wurin karatun Malikiyya kuma masaukinsu. Mai Idris Alauma ya yi hajji a rabin ƙarshe na ƙarni na 16, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Furtu ya rubuta. Mai Ali ɗan Umar ya je sau uku a ƙarni na 17. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda ya kafa Kukawa a 1814, shi ma ya yi hajji ya zauna a ƙasashen gabas shekaru kafin ya dawo.

Me waɗannan manya suke dawowa da shi? Littattafai, malamai, da izini a rubuce. Askiya Muhammadu na Songhai, wanda ya yi hajji a 1496 zuwa 1497, ya dawo da rawani da takobi da matsayin halifan ƙasar Takrur. Alhaji Umaru Futi ya dawo da izinin ɗariƙar Tijjaniyya daga hannun Muhammad al-Gali, ya ratso ta Borno ya sauka Sakkwato, ya zauna har bayan rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837. A lura, har yau da laƙabin Alhaji ake kiran wannan bawan Allah, kamar a zamaninsa shi kaɗai ya je. Hakan na nuna irin nauyin da kalmar take da shi a lokacin.

Tsohuwar hanya ta hamada ce, ta Fezzan zuwa Masar, kuma sunan unguwar Fezzan a Maiduguri yana tuna mana wannan alaƙa ta arewa. Daga baya hanyar gabas ta Wadai da Darfur ta fi karɓuwa, musamman ga talakawa, domin mutum yana iya tafiya yana yada zango yana aiki. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na I a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya bi wannan hanya da jama'a masu yawa, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan. Da aka kafa Yerwa a 1907, lokacin Shehu Abubakar Garbai, sai garin ya zama babbar ƙofar fita. Daga Maiduguri a nufi Dikwa da Gamboru, a ƙetare zuwa Fort Lamy, wadda aka sauya wa suna zuwa Njamena a 1973, sai Abashe, sai Janaina, sai Alfashir, sai Al'ubayyid inda jirgin ƙasa yake, sai Hartum, sai Sawakin a bakin teku, a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. A zamanin mulkin mallaka Maiduguri tana cikin wuraren da ake yanka wa mahajjata takardar tafiya. A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da wasu attajiran Kano suka kafa kamfanin jigilar alhazai, motocinsu kuma ta nan suke ratsawa.

Ga wani ɗan abin dariya da ya haɗa ɓangarorin biyu na wannan nazari. Baturen nan H. R. Palmer, wanda ya yi Razdan na Borno, ya bi wannan hanya da kansa don ya ga halin da mahajjata suke ciki, ya rubuta rahoton tafiyarsa daga Maiduguri zuwa Jidda a 1919. Sunan danginsa, Palmer, asalinsa a Ingilishi laƙabi ne na mutumin da ya je Ƙudus ya dawo da ganyen dabino. Ke nan Razdan ɗin da ya tafi binciken alhazai shi ma jikan wani alhajin Nasara ne.

Tafiyar ƙasa takan ɗauki shekaru. Mutum ya tsaya ya yi noma ko dako ko ɗinki, wasu su yi aikin auduga a gonakin Jazira da aka buɗe a Sudan a 1925, sai sun tara guzuri su ƙara gaba. Wanda ya yi irin wannan tafiya ba ya iya jido kaya. Ɗan Zamzam ne a ƙaramin mazubi, da carbi, da littafi, wataƙila da rawani. Babbar tsarabarsa ita ce shi kansa da ya dawo da rai, ga Larabci a baki, ga sabon suna. Da jirgin sama ya karɓi aikin sai lissafi ya juye. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar alhazai a 1975, a 1977 alhazan Nijeriya suka haura 100,000, hukumar NAHCON kuma ta zo a 2006. Kaya suka yi yawa, suna kuma ya yi araha.

Abin da Harshe Ya Adana

Mu fara da kalmar tsaraba ita kanta. Hausa ta bambanta abubuwa uku da suka shafi matafiyi. Guzuri shi ne abin da ya tafi da shi don kansa. Sautu shi ne abin da wani ya ba shi kuɗi ya sayo masa. Tsaraba kuwa kyauta ce ta dawowa, da kuɗinsa ya saya, kuma don wasu ya sayo. A nan ne mai fassara zai yi hattara. Lambar Baturen da, tasa ce, a hularsa take, saboda haka kiranta tsaraba kai tsaye bai cika daidai ba. Kiranta bajo ko lamba kawai kuma ya zubar da ma'anar tabarraki. Ni a ganina “lambar ziyara” ta fi dacewa, a bar tsaraba ga abin da ake rabawa. Wannan bambanci ba na kalma ba ne kurum. A wurin Bahaushe alhajin da ya dawo bai raba komai ba, ko da dabino ɗaya ne, sai an yi da shi a unguwa.

Kalmar alhaji daga Larabci take, al-hajj, wato mai yin hajji. Hausa ta haɗiye harafin al- ya zama ɓangaren kalma, kamar yadda ta yi a alƙali da alƙalami da albasa, sannan ta ƙara wasali a ƙarshe domin kalmominta sun fi son ƙarewa da wasali. Jam'inta ne abin lura. Ba ma cewa alhajai, sai alhazai, alhali babu z a asalin Larabcin. Abin da ya faru shi ne, a Hausa z takan koma j idan i ko e ta biyo ta, kamar kaza da kaji, ko ciza da ya ciji. Da Bahaushe ya ji j a gaban i a cikin alhaji, sai ya ɗauka irin waccan ce, don haka da ya zo yin jam'i ya “mayar” da ita z. Wannan kyakkyawan misali ne na yadda baƙuwar kalma take zama 'yar gida har a yi mata hukuncin 'yan gida.

Ta mace kuma ba ta ɗauki al- ba a yawancin bakuna. Hajiya ake cewa, da ɗafa-ƙeyar mace ta Hausa, ko da yake akan ji Alhajiya jefi-jefi. A nan Borno Hajja ta fi yawa, wadda ta fi kusa da lafazin Larabci, Yarabawa kuma suna cewa Alhaja. Ɗalibin da ya saurari yadda ake kiran mata a Kasuwar Monday zai iya gane inda mai magana ya fito daga wannan kalma kaɗai.

Ma'anar kalmar ma ta yi tafiya. Akan raɗa wa yaron da aka haifa a lokacin aikin hajji suna Alhaji, ko wanda ya ci sunan kakan da ake sakayawa da haka. Sannan ta faɗaɗa ta koma nufin mai kuɗi ko maigida, har ɗan kasuwa yana kiran duk mai babbar riga Alhaji don ya saya. Raunin da lambar dalma ta samu shi ne ya sami wannan suna: ana iya mallakarsa ba a je ba. Kuma ba Musulmi kaɗai suka mai da ziyara laƙabi ba. Kiristocin Girka da Bulgeriya da suka je Ƙudus a zamanin daular Usmaniyya sun ari kalmar haji suka liƙa a gaban sunayensu, har ta zama sunan dangi. A Nijeriya kuma Kiristan da ya ziyarci Ƙudus yakan rubuta haruffan JP a bayan sunansa.

Mahajjaci da maniyyaci ginin gida ne a kan tubalin aro. An ɗauki hajji da niyya aka sa su a ƙirar sunan mai aikatawa, irin ta ma'aikaci da mahukunci. Jam'insu mahajjata da maniyyata ya nuna cewa c ɗin nan asalinta t ce da ta sauya a gaban i. Irin wannan sauyi ne ya ba mu carbi. Tushensa ɗaya da tasbaha da tasbihi, kuma har yanzu akwai masu cewa cazbi ko casbi. Komawar z ko s zuwa r a ƙarshen gaɓa sananniya ce, kamar yadda ake jin mayas da mayar, ko fitas da fitar, tsakanin karin harshen yamma da na Kano.

Makawiya, abin da sabon alhaji yake sawa a ka, sunanta ya faɗi asalinta, wato ta Makka. Ita ce ta fi kama da lambar Turawa ta fuskar aiki, domin daga nesa ake gani a san wanda ya dawo. Amma kwana kaɗan ake sa ta a ajiye. Wanda ba a ajiyewa shi ne haƙorin Makka, na zinariya ko na azurfa, wanda mata suka fi yawan sawa. Ba ya cikin rukunan hajji ko sunnoninsa, ba kuma a neman tabarraki da shi. Aikinsa ɗaya ne, a yi murmushi a gani. Shi ma bai tsira ba, tunda ana iya sa shi a gida ba tare da an taka filin jirgi ba.

Sauran kayan jaka sanannu ne: dabino, darduma, hula, zobe, kwalli, turare, jallabiya, da bagaruwa, wadda ba ta da dangantaka da bagaruwar majema, wani nau'in wake ne gasasshe da yara suke so. Waɗanda suka yi ƙuruciya a shekarun 1980 da 1990 za su tuna 'yar na'urar roba mai kama da kyamara, wadda ake kanga ido a jiki ana latsawa hotunan Ka'aba da Madina suna wucewa. Tsakaninta da madubin Aachen akwai shekara 500, amma buƙatar ɗaya ce, a kawo wa na gida abin da ido ya gani. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa yawancin waɗannan kaya ba a Makka ake yin su ba, daga Sin da Turkiyya da wasu ƙasashe ake kai su. Alhazai da yawa ma, saboda ƙa'idar nauyin kaya a jirgi, a kasuwannin gida suke cike giɓin tsarabarsu. Zamzam ne kaɗai ba a iya yi wa haka da gaskiya, shi ya sa galan ɗin nan mai lita 5 yake da daraja fiye da duk abin da ke cikin jaka.

Zamanin jirgi ya haifar da nasa kalmomi. Kujera ta zama gurbin tafiya, har a ce an ba wane kujerar Makka. Jirgin yawo shi ne tafiya ta hannun kamfani mai zaman kansa ba ta hukuma ba. Adashin gata shi ne tara kuɗin hajji sannu a hankali. Guzuri ya ƙara ma'ana, ya zama kuɗin ƙasar waje da hukuma take damƙa wa maniyyaci. Shi kuwa aikin kansa akan sakaya shi a ce wane ya tafi sauke farali.

Akwai kuma kalmomin waɗanda ba su dawo ba. Takari ta samo asali ne daga Takrur, tsohuwar daula a kwarin kogin Senegal, wadda Larabawa suka faɗaɗa sunanta ya game duk baƙaƙen Afirka ta Yamma. Sunan da Askiya ya karɓa a matsayin girma, yau a bakin Bahaushe ya koma nufin mai zaman Saudiyya ba da cikakkun takardu ba. A Sudan kuma ana kiran zuriyar mahajjatan da suka zauna a hanya Fallata, kalmar da asalinta sunan da Barebari suke kiran Fulani da shi ne, amma a can ta haɗa har da Hausawa da su Barebarin kansu. Masani C. Bawa Yamba ya yi littafi a kansu a 1995, inda ya nuna cewa har jikokin da aka haifa a can suna ɗaukar kansu matafiya ne da ba su ƙarasa ba. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya ɗaiɗaita garuruwa da dama na wannan tsohuwar hanya, ciki har da Janaina da Alfashir.

Ga ɗalibin da yake neman batun kundin kammala digiri, aikin yana nan kusa. Wanda ya bi mota zuwa Sudan yana saurayi a shekarun 1950, yau ya haura shekara 80. Akwai irinsu a Hausari da sauran tsofaffin unguwannin Maiduguri, maza da mata. A je da na'urar ɗaukar magana a tambaye su sunayen zango-zango yadda suke furta su, da sunan mazubin da suka zubo Zamzam, da abin da aka kira su da shi ranar da suka shigo gari, da wanda aka fara miƙa wa kofi. A kuma roƙi a ga tsohuwar takardar tafiya idan tana nan a ƙasan adaka, a ɗauki hotonta gaba da baya.